Sake-Wanke, Wadda Ta Rufe Mashigi Sau Biyu

Ƙarfe bakwai saura kwata take isa wurin aiki, kuma ba ta gaida kowa sai ta fara gaida tukwanen gas. Suna tsaye a bayan ɗakin gwaji, an ɗaure su da sarƙa a jikin bango. Takan sunkuya ta duba allurar kowace tukunya, ta ƙwanƙwasa gilashin da farce, ta rubuta abin da ta gani a katin da ke rataye da ƙusa. Sai bayan nan maigadi yake samun tasa gaisuwar, da tambayar iyali, da faɗan ya daina jingina kekensa a jikin tukwanen. Shekara talatin da ɗaya ana haka. Masu gadi uku suka zo suka wuce, kowanne ya sha faɗan keke.

A bakin ƙofar ɗakin takan ajiye jakarta, ta sa farar riga, ta wanke hannu, ta nufi wurin wanke-wanke. Kwalaben gilashi suna kwana cikin ruwan asid, ita kuma ta tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauraye sau bakwai, ta ɗaga kowace ta duba a hasken taga. Idan wani ne ya wanke, ba ta ɓata lokacin dubawa. Takan miƙa masa kwalbar ta ce, "A sake wankewa." Ɗalibai sun ji wannan, masu digiri sun ji, har wani baƙon farfesa da aka gayyato ya koya musu aiki ya ji, ya kuma naɗe hannun riga ya wanke. Daga nan sunan ya bi ta. Akwai wanda iyayenta suka raɗa mata, yana nan a takardun ofis, amma daga ƙofar shiga har ofishin Darakta, Sake-Wanke kowa ya sani. A gabanta dai Mama ake cewa, don ba wanda ya gaji da aikinsa.

Duk wannan yanzu ya zama labari, domin wata huɗu ke nan da ta ajiye aiki. Ta fita da suna mai kyau a ofis, da baƙin jini a unguwar da aka haife ta, da ƙane guda ɗaya tilo wanda ba ya gaishe ta. Aiki ɗaya ne ya jawo mata duka ukun, kuma na ƙarshen shi ne yake cin ranta.

Aikin ba mai wuyar faɗa ba ne. Jirgin ruwa in ya daɗe a teku, ƙananan halittu suna manne wa ƙasansa har su rage masa gudu. Don haka aka daɗe ana shafa wa jirage wani fenti da aka haɗa da guba mai kuza a ciki. Fentin yana korar halittun, amma yana zuba a ruwa, ya nutse cikin laka, ya zauna shekara da shekaru. Katantanwar ruwa ta ci laka, kifi ya ci katantanwa, mutum ya ci kifi. A ɗakin gwaji tibiti suke ce wa gubar. Ba a jin warinta a ruwa, ba a ganin launinta, kuma ɗan abin da zai yi ɓarna bai kai a gan shi ba. Masu cewa ido ba mudu ba ya san kima, takan ce su zo ta ajiye musu laka biyu su zaɓa.

Injin da ke ganin gubar, jisi suke kiransa. Farin akwati ne, bai kai firij tsawo ba, da tanda a cikinsa. A cikin tandar akwai bututu siriri kamar zaren ɗinki, mita talatin, an naɗe shi kamar gammo. Sai an busar da laka, an auna, an jiƙa ta da sinadarai an tatso abin da ke cikinta, sannan a zuba wani magani da ke sa gubar ta iya tashi ta bi iska. Ɗigo guda ake ɗiba da allura a tsira wa injin. Tanda ta ɗau zafi, gas ya tura ɗigon cikin bututu, kowane abu da ke cikinsa ya kama tafiya da irin saurinsa, wani a gaba wani a baya. Duk wanda ya iso ƙarshen bututun, sai layin da ke tafiya a fuskar kwamfuta ya yi tsini. Lokacin da tsinin ya fito shi ke faɗin ko wane ne, tsawonsa kuma ya faɗi yawansa. Minti ashirin da biyar injin yake yi. Shirin da ake yi kafin a kai gare shi kwana biyu ne, kuma a nan ake gyara aiki ko a ɓata shi.

Abu biyu ne ba ta yafe wa kowa. Na farko fanko, wato kwalbar da ba laka a cikinta, amma a bi da ita duk hanyar da aka bi da sauran. In fanko ta nuna guba, to ƙazantar ta ɗakin ce, domin dangin wannan guba suna cikin wasu robobi, irin su tiyo da fayif. Shi ya sa roba ba ta ƙetare ƙofarta. Direban ofis har yau yana ba da labarin ranar da ta mayar da shi tafiyar awa biyu saboda ya ɗebo laka a bokitin da yake wanke mota. Ya ce bai taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba, kuma bai sake kawo laka a bokiti ba.

Na biyu shi ne abin da ta raɗa wa suna shaida. Wani sinadari ne ɗan'uwan gubar, wanda ba a samunsa a ruwa ko laka. Ita take ɗiga shi da hannunta a kowace kwalba tun farkon aiki, ta san yawan da ta zuba. In shaida ya fito a ƙarshe da tsawonsa, an san ba a yi asarar komai a hanya ba. In ya fito guntu, to gubar da ake nema ma ta zube a hanya, duk abin da injin ya faɗa ba abin kamawa ba ne. Dokar ɗakin ita ce shaida ya kai kashi saba'in cikin ɗari. Ita ta rubuta dokar da jan alƙalami, ta manna a ƙofar firij.

A bakin mashigi aka haife ta, inda kogi yake shiga teku. Mahaifinsu masunci ne. Ita ce babba, kuma da mahaifiyarsu ta rasu, a bayanta ƙanenta Auta ya girma. Aka tura ta makaranta, shi ya gaji kwale-kwalen uba da komarsa. Can sama da unguwar akwai wani wurin gyaran jirage, inda ake kankare tsohon fenti a wanke shi ya gangara ruwa. Kowa ya taso ya ga ana yi, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce aka aiko wa ofis da laka daga wurare ashirin. Ta mashigi tana ciki, kwalba ta goma sha huɗu. Da ta tsira ɗigonta, tsinin tibiti ya tashi har ya fita daga fuskar kwamfuta. Ba ta gaya wa kowa ba. Kwana tara ta yi tana neman laifin a wurin kanta. Ta sauya allura, ta sauya kwalabe, ta zubar da sinadarai ta haɗa sababbi, ta tsare direba da tambaya har ya rantse bai taɓa bokiti ba. Waɗanda suka yi aiki da ita a lokacin sun ce ba su taɓa ganin mutum yana roƙon a kama shi da kuskure kamar yadda ta yi a makon nan ba.

Daga ƙarshe ta ɗauki kwalabenta ta tafi mashigin da kanta. Auta ne ya tuƙa ta a kwale-kwalensa, yana tsokanarta tun daga gaɓa.

"Yaya, ashe duk karatun nan laka kike ɗiba? Ai da kin faɗa min, da kullum na aiko miki da buhu guda."

"Tuƙa dai, sarkin surutu. Matsa can kusa da turakun."

Ya matsa da ita duk inda ta nuna, har wuri shida, shi yake riƙe mata kwalba tana cikawa. Da suka fito ya ɗaure mata manyan kifi biyu ya ce ta kai gida.

Fanko ta fito fes. Shaida ya fito da tsawonsa. Tsinin tibiti ya sake tashi kamar na farko. Ta sa hannu a takarda, takarda ta hau sama, hukuma ta hana kamun kifi a mashigi, ta tashi wurin gyaran jiragen, aka kafa allo a bakin gaɓa. Gidaje sun fi ɗari biyu da suke ci daga ruwan nan.

Auta ya same ta a gida da hantsi, ya ƙi zama.

"Ranar da na tuƙa ki, kin san abin da kike ɗiba?"

"Ina zato."

"Kika bar ni ina miki wasa."

"Ina fatan injin ne ya yi ƙarya, Auta."

"Kifin mashigin nan ne ya kai ki makaranta, Yaya."

"Na sani."

Ya sa takalmi ya fita. Ya kife kwale-kwalen a gindin bishiya, ya koma dako a tashar jirage, mutumin da bai taɓa yi wa wani aiki ba. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, to shi dai bai yanke ba, amma ya sa shi a aljihu. In sun haɗu a wurin rasuwa yakan sauya hanya. Matarsa ce ta riƙe zaren zumuncin, tana leƙowa jefi-jefi ba da saninsa ba, ko da saninsa yana yin kamar bai sani ba. A unguwa kuwa an yanke mata hukunci tuni: ta yi boko ta manta mafari. Abin ya yi mata ciwo, kuma shekaru ba su rage shi ba. Ba ta taɓa zuwa ta kare kanta ba, don a ganinta mai jin yunwa ba ya buƙatar bayani a kan tsini.

Duk wata shida ake ɗebo lakar mashigi a sake aunawa. Gubar tana raguwa, amma da tafiyar hawainiya. Sharaɗin hukuma shi ne sai an samu zagaye uku a jere ƙasa da iyakar da aka gindaya, sannan a cire allon. Abokan aikinta sun ce duk ranar da ake tsira lakar mashigi ba ta cin abincin rana, kuma ba a yi mata magana sai layin ya gama tafiya. Zagaye na farko ya wuce lafiya. Bayan wata shida na biyu ya wuce. Na uku ya faɗo a makonta na ƙarshe a bakin aiki, kuma ya zo daidai da shigowar kifi, wanda yake cika mashigin na mako shida ko bakwai a shekara sannan ya koma teku.

Bakin direba ba ya riƙe magana, don haka labari ya riga takarda isa unguwa. Maza suka fara juyo da kwale-kwalen da suka shekara goma a kife. Ranar Lahadi da la'asar aka yi sallama a ƙofarta, ta fito ta ga Auta a tsaye, furfura ta cika masa gemu. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ya sha. Ya yi maganar damina, ya yi maganar ƙafarta da aka ce tana ciwo, ya ce ɗakin girkinta yana son a sauya masa kwano. Da zai tashi ne ya ce, yana kallon ƙasa, "An ce saura ɗaya, Yaya."

"Saura ɗaya."

"To, Allah ya sa mu ji alheri."

Minti goma sha biyar ya yi. Ta raka shi har bakin titi, ta dawo ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi. Maƙwabciyarta ta ce har bayan la'asar sakaliya tabarmar tana nan a shimfiɗe, ba ta naɗe ba.

Ranar Talata da safe aka tsira lakar. A gefenta akwai Dakta, wadda aka kawo shekara biyu da suka wuce don ta gaji ɗakin, mace mai ilimi da saurin hannu, wadda ita ma ta sha sake wanke kwalba kafin a yarda da ita. Layin ya tafi, ya tafi, ya iso wurin da tibiti take fitowa, ya ɗan motsa kamar mai jin kunya, ya wuce. Kwalba shida, duka haka. Dakta ta kira ofishin sama, kafin a jima ga Darakta ya sauko da wasiƙar buɗe mashigi a hannu, an riga an buga, sa hannu kawai take jira.

Sake-Wanke kuwa idonta yana wani wurin. Tsinin shaida ya fito guntu a duka shidan. Ta tashi ta buɗe firij, ta ɗauko kwalbar maganin da ke sa guba ta tashi, ta ɗaga ta a hasken taga. Ya dunƙule, launinsa ya sauya. Maganin nan ba ya shiri da iska, duk buɗewa tana rage masa ƙarfi, kuma wannan ce kwalba ta ƙarshe. Wata huɗu tana lallaɓa ta saboda sabon da aka yi oda bai iso ba. A hannunta ya lalace, ba ta da wanda za ta ɗora wa.

Dakta ta gane abin da take kallo, ta yi ƙasa da murya.

"Mama, kwamfuta ta riga ta yi gyaran. Ko an ninka sakamakon sau uku saboda asarar, yana ƙasa da iyaka."

"Da nawa?"

"Da kaɗan."

"Shaida nawa ya kai?"

"Talatin da huɗu."

"Me aka rubuta a ƙofar firij?"

Dakta ta juya ta kalli ƙofar firij. Darakta ya jawo kujera ya zauna. Ba mugu ba ne, kuma ba wanda ya ba shi komai. Shi ma ya gaji da ganin mutanen mashigi a bakin ofishinsa.

"Malama," ya ce, "zagaye biyu sun wuce lafiya. Kowa ya san ruwan nan ya warke, ke ma kin sani."

"Ina kyautata zato, Yallaɓai."

"Sabon maganin sai nan da mako bakwai. Kafin nan kifi ya koma. Ke kuma Juma'a za ki tafi. Shekara goma sha ɗaya ana zaginki a kan ruwan nan. Ba kya son a ce ke kika buɗe shi?"

"Ina so, Yallaɓai. Babu abin da nake so kamarsa."

"To?"

"To shaida bai zo ba."

Ta ɗauki jan alƙalami ta ja layi a kan sakamakon duka shidan, ta rubuta cewa ba a karɓa ba, ta rubuta dalili, ta sa hannu. Dakta ta ce har kuskuren kwanan wata ta yi, sai da ta gyara. Bayan nan ta zuba ragowar lakar a kwalabe masu tsabta, ta liƙa musu suna, ta sa a firiza don a sake aikin in magani ya zo. Darakta ya ninke wasiƙarsa ya sa a aljihu, ya hau sama.

Tana iya barin labarin ya isa unguwa ta bakin direba. Ba ta bari ba. Da aka tashi aiki ta hau mota ta tafi mashigi, karo na farko cikin shekaru. Ta samu Auta a gindin bishiya, kwale-kwalen a juye, tukunyar kwalta a kan wuta, maza biyar ko shida kewaye da shi kowa da nasa gyaran.

"Auta, taso mu yi magana."

"Faɗi a nan, Yaya. Duk abin ya shafe su."

"Ba za a buɗe a wannan watan ba."

Masu buga ƙusa suka tsaya.

"Gubar ce ta dawo?"

"A'a. Ban gan ta ba."

"To in ba ki gan ta ba fa?"

"Maganin da nake gani da shi ne ya lalace. Rashin ganin nawa ba abin dogaro ba ne. Sai an kawo sabo an sake."

"Yaushe?"

"Mako bakwai."

Wani tsoho ya yi 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Babu wanda bai san abin da mako bakwai yake nufi ba.

Auta ya ce, "Wa ya lalata maganin?"

"A hannuna ya lalace."

"Wa ya ce a soke?"

"Ni."

"Da kin yi shiru, akwai wanda zai sani?"

"Dakta za ta sani. Ni ma zan sani."

Ya daɗe yana kallonta. "Ashe ba ki gaji ba?"

"Na gaji, Auta."

Ya juya ya sauke tukunyar kwalta, ya ɗebo ruwa ya kashe wutar. Ya ce, "Allah ya kai ki gida lafiya," bai haɗa da Yaya ba. Matarsa ce ta raka ta bakin titi, ta tsaya tare da ita har mota ta zo.

Ranar Juma'a aka tara ma'aikata a ɗakin taro, aka sha lemo, aka ba ta agogon bango, Darakta ya yi jawabi na minti biyar. Ta miƙa wa Dakta makullai, ta nuna mata tukunyar gas ɗin da allurarta take maƙalewa, ta ɗauki jakarta.

Mako bakwai ya zama takwas. Maganin ya iso, Dakta ta fito da lakar daga firiza ta sake aikin daga farko. Shaida ya kai casa'in da ɗaya, fanko fes, tibiti ƙasa da iyaka. Ta buga mata waya. Sake-Wanke ta tambayi shaida, ta tambayi fanko, sannan ta bari aka faɗa mata sakamakon. Ta yi hamdala sau uku, ta ce a gaida mutanen ɗaki, ta ajiye wayar.

Aka cire allon. Kifin shekarar ya riga ya koma teku, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Duk da haka masunta suka cika kwando suka kai wa Dakta har ofis, wani daga cikinsu yana cewa ashe dama tsohuwar ce matsalar, ga shi tana tafiya an buɗe. Dakta ta tsayar da su ta yi musu bayani tiryan-tiryan, suka saurara da ladabi, suka ce Allah ya saka, suka tafi da ra'ayinsu. Takardar rufe mashigi tana ɗauke da sa hannun Sake-Wanke. Ta buɗewa tana ɗauke da na wata.

Tunda ruwan ya fito lafiya, mai son ya ce a banza ta hana mutane kifin shekara guda yana da abin kamawa, kuma asarar da suka yi ta gaske ce. Sai dai a ranar Talatar nan babu mahalukin da ya san yadda zai fito. Abin da ke gabanta kwalabe shida ne da shaida guntu, da mutanen da za su ci kifin su ba 'ya'yansu saboda sun ji an ce an auna.

Sake-Wanke, uwar kwalabe, mai jan alƙalami. Ke ce kika yi kwana tara kina neman kuskurenki don ki ceci ruwan ubanki, da ba ki samu ba kika sa hannu. Ke ce aka miƙa wa wasiƙar da za ta wanke ki a idon unguwa, ta dawo miki da ƙanenki, kika mayar da ita saboda wani ɗan tsini da ba wanda zai tambaye ki a kansa. Kika kuma tafi da ƙafarki mai ciwo kika faɗa a gaban maza cewa a hannunki maganin ya lalace. Ba ki yi aikin da ake tafa wa ba, kuma ba ki da sauƙin zama, waɗanda suka wanke kwalba sau biyu a ƙarƙashinki za su shaida. Amma duk takardar da ta fita daga ɗakin nan da sa hannunki, an kwana da ita hankali kwance. Mun gode, Mama. Allah ya ba ƙafar nan lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki.

Ku kuma da kuke riƙe da wani ma'auni a madadin jama'a, ko sikeli ne, ko allurar awon jini, ko takardar jarrabawa, ga wadda ta riga ku. Wata rana sakamakon da kuke so zai fito ta hanyar da ba ku yarda da ita ba, kowa a ɗakin yana murna. Ku nemi Dakta ta ba ku labarin abin da aka yi da jan alƙalami a ranar.

Saura kai, Auta. An san ba ka karanta irin wannan, amma matarka za ta sa a karanta maka. Ka ce yayarka ta rufe maka ruwa sau biyu, kuma ba ta musa ba. Jiya ka ci kifin mashigi tare da jikokinka, ka tsame wa ƙaramin ƙaya ka sa masa a baki, ba ka tsaya tunanin komai ba. Ita ma tana cin kifin, sai dai a kasuwa take saye, a hannun mutanen da ba su san ta ba. Gidan yana nan inda ka sani, kwanon ɗakin girki har yanzu yana yoyo. Ta daina fita da sassafe. Duk lokacin da ka je za ka same ta.